Hular jariri a sanyin Sabha: aikin kwarashi da ulu a bakin Sahara

Wanda bai taɓa ƙetare Sahara ba, da an ce masa Libiya rana da ƙishirwa ne za su faɗo masa a rai. Yana da gaskiya, don a Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin ƙasar, zafin watan Yuli kan kai digiri 40. Amma tambayi ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram da ya yi ci-rani a can, labarin daren Janairu zai fara ba ka. Garin yana tsakiyar rairayi, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin yini, saboda haka da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko. Kafin asuba ma'auni kan koma wajen digiri 5, wani daren ma ya yi ƙasa da haka. A Kano, inda muke kukan hunturu muna hura wuta a ƙofar gida, sanyin asubar Janairu bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 ba. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki da ƙarancin mai, waɗanda mutanen kudancin Libiya suka daɗe suna kuka da su, duk da cewa rijiyoyin man Sharara, mafi girma a ƙasar, a yankinsu suke.

A cikin wannan sanyin ake haihuwar 'ya'yan Hausawa. Wannan shi ya sa ƙaramar allurar nan mai lanƙwasa a baki, wadda mata ke kira kwarashi, da dunƙulen zaren ulu, suka cancanci a yi maganarsu da mutunci a jarida. An saba ɗaukar saƙar kayan jarirai da 'yan tsana a matsayin abin da mace ke rage zaman banza da shi. A ganina an raina aikin, kuma Sabha wuri ne mai kyau na gane hakan.

Hanyar zuwa garin sananniya ce ga mutanen Nijar da na arewacin Najeriya: daga Agadas a hau bayan Hilux, a bi ta Dirku, a wuce Madama, a shiga Libiya ta Tumo, a sauka Gatrun, sannan Sabha. A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, har sojojin da suka karɓi mulki suka soke dokar a Nuwamban 2023. Duniya ta fi sanin Sabha da munanan labarai. An yi faɗan ƙabilanci tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012, ya kuma sake tashi a shekarun da suka biyo baya. A Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton yadda ake sayar da baƙi 'yan Afirka ta Yamma a garin. Duk wannan ya faru. Sai dai akwai wata rayuwa da ba ta shiga labarai. A unguwanni irin su Gurda akwai magina da teloli da masu gadi da masu aikin gona, yawancinsu maza, wasunsu kuma da iyalansu. Ana ɗaurin aure, ana haihuwa, ana yanka ragon suna.

Mai jego ba uwa a kusa

A gida, mace mai cikin fari goyon ciki take tafiya gidan iyayenta. In ta sauka, ga ungozoma, ga uwa, ga gwaggo mai tafasa ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, ga mai dama kunun kanwa. 'Yan barka na shigowa da sabulu da zani da saitin kayan sanyi, ana "barka da arziki, Allah ya raya, Allah ya ba uwa lafiyar shayarwa." Kafin ranar suna an cika akwati. Yarinyar da mijinta ya ɗauko ta daga wani ƙauyen Tasawa ko Daura ya kai ta Sabha ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai maƙwabciya in Allah ya haɗa ta da ta kirki. Babban asibitin Sabha shi ne madogarar kudancin ƙasar baki ɗaya, amma baƙon da ba shi da takardu yakan yi ɗari-ɗari da duk wurin da za a tambaye shi shaida, don haka ba kowace haihuwa ce ke kaiwa gaban likita ba.

A nan ne hula ke shigowa. Jariri yana fitowa ne a jiƙe daga wuri mai ɗumi, kansa babba ne in an gwada da jikinsa, ba shi da isasshen kitsen da zai kare shi, kuma bai iya rawar sanyin da babba ke yi ya ɗumama jikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ƙasa da haka sanyi ya shige shi. Jaririn da sanyi ya shiga yakan yi lakwas, ya ƙi kama nono, sukarin jininsa ya faɗi, cuta ta samu ƙofa. Shi ya sa hukumar ke ba da shawarar a goge shi a bushe nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a rufe masa kai, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24. Wannan na ƙarshen yana yi wa tsofaffinmu wuyar karɓa, don mun taso muna jin cewa yaron da ba a wanke da kyau ranar haihuwa ba zai yi warin jiki har girmansa. A daren Janairu a Sabha, gara a bar wankan.

Ga bakwaini kuwa, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, abin ya fi tsanani. A 1978, a wani asibitin haihuwa na Bogota a ƙasar Kolombiya, likita Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben ɗumama jarirai, sai ya sa iyaye mata su ɗaura bakwainin a ƙirji, fata da fata, dare da rana. Dabarar ta yi aiki har ta bazu duniya, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta ce a fara ta tun daga haihuwa. Kayan da jariri ke sawa a wannan goyon ƙirji uku ne: nafkin, safa da hula. Kai ne kaɗai ke leƙowa waje, shi ne kuma hular ke tsarewa. Matsalar ita ce hular kanti an yi ta ne don cikakken jariri, a kan bakwaini sai ta zame ta rufe masa ido da hanci. Mai kwarashi ita ce ke iya auna kan da zare ta saƙa daidai shi.

Aikin kansa ba shi da tsada. Kwarashi mai kaurin milimita 3 ko 4, da dunƙulen ulu ɗaya mai giram 50, sun isa hula har a samu ragowar safa. Mai saƙa za ta naɗe zaren a ɗan yatsan hagu, ta yi zarge, ta fara daga tsakiyar kai da ɗan ƙaramin zobe. Kowane zagaye tana ƙara ƙulli, abin yana buɗewa yana faɗi, har ya kai tafin hannu. Daga nan sai ta daina ƙari, ta ci gaba da zagayawa da adadi ɗaya, sai ka ga gefen ya fara lanƙwasowa ƙasa da kansa. Kan sabon jariri zagayensa wajen santimita 34 ko 35 ne. Gwanaye ba sa neman tef, da ido da taɓawa suke ganewa. Tsakanin isha'i da lokacin barci an gama hula, ko da hasken fitilar waya ne. Riga da wando da shawul su ne ke cin kwanaki.

Tsohuwar hanya, tsohon zare

Zare ya daɗe yana bin wannan hanya. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Fezzan a 1850, ya zauna a Murzuk da ke kudu da Sabha, ya iso Kano a farkon 1851. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini: ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Fataken Gadamas suna da gidaje a cikin birnin Kano, zuriyarsu na nan har yau. A cikin kayan da raƙuma ke saukowa da su daga arewa akwai jar dara. Ba kowa ya san cewa dara ta asali saƙaƙƙiya ce ba. A Tunis mata ne ke saƙa ta da allurai da farin ulun tumaki, ta fito ƙatuwa sakwa-sakwa, sannan a jiƙa ta a yi ta bugu har ta tsuke ta yi kauri saƙar ta ɓace, a rina ta ja, a ɗora a kan ma'auni ta bushe. Musulmin Andalus da aka koro daga Sifaniya a farkon ƙarni na 17 su suka bunƙasa sana'ar a can, kuma har gobe Libiya da Nijar da Najeriya na cikin manyan masu sayen hular. Wato saƙar allura ta hau kan sarakuna da attajiran ƙasar Hausa tun kafin matanmu su riƙe allurar. Cinikin raƙuman ya durƙushe ne bayan 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta afka wa Libiya.

Matan Hausawa suna da tasu saƙar tun fil azal. Su ke kaɗi da mazari, su ke saƙa majanyi da zanen goyo a masaƙar tsaye ta cikin ɗaki. Kwarashi da alluran saƙa biyu baƙi ne, ta makarantun 'yan mata na zamanin Turawa da na mishan suka shigo, inda ake koyar da su tare da ɗinki da girki. Shi kansa kwarashin ba tsoho ba ne can: a ƙarni na 19 ya yaɗu a Turai, kuma lokacin yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1849 matan ƙasar da dama da shi suka ciyar da gidajensu. A Najeriya cibiyoyin koyar da mata sana'a sun yawaita bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na inganta rayuwar matan karkara a 1987, daga nan injin saƙa ya shiga gidaje, ana buga rigunan sanyi na 'yan makaranta da saitin jarirai. Matan da suka biyo mazajensu Libiya, wasu da wannan ilimin suka zo. Wadda ba ta zo da shi ba, yanzu waya ce malama: YouTube cike yake da darussa da Larabci, akwai kuma na Hausa. Matan Libiya su ma suna saƙa, suna tallata abin da suka yi a Facebook, don haka zare da allura ba baƙon kaya ba ne a kasuwannin ƙasar.

Raƙumi, zomo da Gizo

Ɓangaren da ya fi jan hankalin 'yan mata a yanzu shi ne saƙa ƙananan dabbobin wasa, salon da Japanawa suka yi fice da shi, ake kiransa amigurumi. Lissafinsa mai sauƙi ne, yaro ɗan firamare zai riƙe shi. Ƙulli 6 a zoben farko, 12 a zagaye na biyu, sai 18, sai 24. A tsaya a nan a yi wasu zagaye ba ƙari, sannan a fara ragewa da shida shida. Kafin bakin ya rufe sai a cusa auduga a danna da yatsa, ga kai ya fito. Haka za a yi gangar jiki, a yi ƙafafu huɗu da kunnuwa, a harhaɗa da allurar ɗinki. Sirrin shi ne a matse saƙar sosai, da kwarashin da ya fi na hula siranta, don kada audugar ta leƙo. Wuyan raƙumi shi ne jarrabawa: in ba a cika shi ya yi tauri ba, kan zai rinjaye shi ya faɗo gaba.

Na ce raƙumi da gangan. Yawancin zanen da ake samu a intanet na dabbobin wasu ƙasashe ne, irin su panda da beyar ƙanƙara, sai ka ga 'yarmu ta ɓata mako tana kwaikwayon dabbar da ita da ɗanta ba su taɓa gani ba. Yaron da aka haifa a Sabha yana ganin raƙuma, yana ganin ragon layya. Uwarsa tana da zabuwa da kunkuru da zomo da kura a bakinta, tana da Gizo da Ƙoƙi. Yaron nan zai tashi da Larabci a titi, Hausa kuwa sai a ɗaki. In an saƙa masa Gizo mai ƙafa takwas aka damƙa masa a hannu, "ga ta nan ga ta nanku" ta samu abin kamawa. Wannan fili ne da babu wanda ya riga mu shiga, kuma Bajapaniya ba za ta saƙa mana shi ba.

Akwai mai cewa ai yin siffar abu mai rai haramun ne. Tambaya ce ta gaskiya, kuma malamai sun daɗe da amsa ta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya tambaye ta, amsar da ta ba shi game da dawakin Annabi Sulaimanu ta sa shi dariya, bai hana ta ba. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, cewa a Madina suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har a sha ruwa. Sahabbai mata ke nan suna yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu. Alƙali Iyal, Bamalike mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, yana cikin waɗanda suka ce kayan wasan yara an togace su daga hanin, kuma mazhabar Malikiyya ce ake bi a Libiya kamar yadda ake bi a ƙasar Hausa. Wasu malaman wannan zamani sun fi son a bar fuskar ba a fayyace ta ba. Wadda zuciyarta ta fi natsuwa da haka, sai ta saƙa ba ido ba baki, yaro ba ruwansa. Mu ma da can da karan dawa da ƙashi da tsumma 'yan mata ke haɗa 'yar tsana, su goya ta, su yi mata suna.

Har asibiti abin wasan ya shiga. A Danmak, daga 2013, masu sa kai suka fara saƙa wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas a murɗe, ana sa wa bakwaini a kwalba. Ma'aikatan jinya sun lura jariran na riƙe hannuwan suna barin jan robobin da aka sa musu a hanci. Amma da sharuɗɗa masu tsauri suke karɓa: zaren auduga zalla, mai jure wankin ruwan zafi, hannuwan kuma kada su wuce santimita 22 in an miƙe su, gudun kada su naɗe wuya.

Wannan tsantsenin ya kamata mu ara, don kayan da aka yi da ƙauna ma suna iya cutarwa. Idon roba da maɓalli da duwatsun ado da ake liƙa wa 'yar tsana, yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai cire su ya kai baki. Da baƙin zare ake ɗinka ido. Igiyar da ake zura wa hula ko riga a wuya a bar ta. Cikin safa a duba, silin zare ɗaya in ya naɗe ɗan yatsan ƙafa zai iya tsayar da jini, jariri na ta tsala kuka ba a san dalili ba. Likitocin yara sun hana a ajiye abin wasa mai laushi a shimfiɗar jaririn da bai shekara ba. Abu mafi haɗari a wurinmu shi ne wuta. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Yana kama wuta, ya narke ya manne a fata. Ɗakin mai jego kuwa ba ya rabuwa da kaskon garwashi ko hita. Sannan hular da ta ceci yaro a Janairu, in aka ci gaba da jibga masa ita da rigar ulu har watan Mayu don kawai an ga ta yi kyau, ƙuraje da zafin jiki za ta jawo. A taɓa ƙeyarsa: in da gumi, a rage kaya.

Ta fuskar kuɗi, kada a yaudari kowa. Saitin Caina da gwanjon da ake zubewa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sun fi arha nesa ba kusa ba, kuma mai saye yakan taya shawul ɗin da aka yi mako biyu ana saƙawa da kuɗin da ko zaren bai biya ba. Har yau babu injin da ke yin saƙar kwarashi ta gaskiya, duk wanda ka gani hannun wata ne ya yi shi ƙulli bayan ƙulli, ya kamata mai tayi ya riƙa tuna haka. Wadda ta samu masu oda, musamman na kayan suna da sunan jariri a jiki, takan samu na sabulu da na kati. Amma da yawa ba don ciniki suke yi ba. Macen da ke wuni a ɗaki ɗaya a garin da ba ta jin harshensa, miji ya fita tun asuba, fita kuma ba ta da tabbas, hannunta na bukatar abin yi, zuciyarta ma haka. Ƙirgen ƙulli yana kore tunani. In ta gama ta ɗauki 'yar hula ta shiga gidan maƙwabciya barka, Bahaushiya ce ko Batubiya ko Balarabiya, ta samu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ranar da tata naƙudar ta tashi.

Don haka kira nake ga shugabannin al'ummar Hausawa da ke Sabha da sauran garuruwan Fezzan, da matan da suka iya a cikinsu: a samu gida ɗaya a unguwa da za a riƙa haɗuwa ana koya wa amare da masu ciki, a kuma ajiye 'yan huluna ƙanana na bakwaini don ranar bukata. Ke kuma Hajiya da 'yarki ko ƙanwarki ke can da ciki, in za ki ba direban Agadas saƙo, ki haɗa da kwarashi biyu da zaren auduga mai laushi a cikin ƙullin kuka da daddawa. Sanyin Sabha daga ƙarshen Nuwamba yake kamawa, saƙon ya tashi tun Oktoba.